Babi na Shida: Me Ya Sa Zoɓo Ke Yin Guggubi Bayan An Tace Shi?

Kusan duk macen da ke haɗa zoɓo, na sha a gida ne ko na sayarwa, ta taɓa yin wannan tambaya. An tace da rariya, an maimaita da ƙyalle, an ɗura a gora yana ja wur. Gari na wayewa sai ga baƙi-baƙin guggubi kwance a gindi, wani lokaci har da yashi mai garas-garas a haƙori. Daga ina ya ɓullo? Wata ta ce matacin ne ya tsufa, ta aika a sayo sabo ranar kasuwa. Wata ta ce zoɓon bana ne ba shi da kyau. Washegari kuma labarin bai sake ba.

Ga mai sana'a, abin ya wuce na kwalliya. Mai saye a tashar Bichi ko bakin kasuwar Ɗambatta yakan ɗaga gora ya leƙa gindinta kafin ya miƙa kuɗi, wanda kuwa ya tauna yashi a kurɓin ƙarshe ba ya sake kiran yarinyar da ke tallar.

Amsar ita ce muna ɗora wa mataci aikin da ya fi ƙarfinsa. Zoɓo garau aikin matakai huɗu ne: tsinta da wanki, jira, tsiyaya, sannan tata. Mataci na ƙarshe ne a layi, kuma shi ne mai ƙaramin aiki. Idan ukun farko suka yi sakaci, ko da ƙyallen alharini aka tace sai guggubi ya ratsa.

Guggubi iri uku ne

Tun daga Ungoggo da Minjibir har Makoɗa da Kunchi, gona ba ta hutawa. Kowace damina ana noma ta, ana ciyar da ita da takin gida. Inda ƙasa ta yi wa jama'a kaɗan haka, ba kowa ke ware wa yakuwa fili ba. A kan iyakar gona ake jera ta, ko a tsarma ta tsakanin gero da gyaɗa. Tana nuna bayan an kawar da gero, daidai lokacin da iskar hunturu ta fara kaɗawa. Sai a yanko, a ɓare jan ɓawon daga ƙwallon da ke ɗauke da gurguzu, a shanya a tabarma, ko a kan buhu, ko rufin soro, wani lokaci ma a dandaryar ƙasa. Ɓawon nan lanƙwashe yake, cike da lungu, yana bushewa yana ƙanƙame duk ƙurar da ta sauka a kansa.

Masu sayen zoɓo a kasuwar Dawanau don fitarwa waje, har Meziko inda ake shan sa kamar yadda muke sha, sukan ɗauki mata aikin tsinta da tankaɗe kafin a ɗinke buhu. Wanda ake auna mana a kwano kuwa, sau da yawa yadda ya baro shanya haka yake isa tukunya.

Don haka abin da ke kwanciya a gora ba abu guda ba ne. Na farko yashi da tsakuwa, masu nauyi. Na biyu ɓurɓushin zoɓon kansa da na kayan ƙamshi, wato citta, kanumfari, masoro da ɓawon abarba, waɗanda ba su da nauyi amma suna da yawa. Na uku shi ne mai wuyar sha'ani: ƙura mai laushi da ido ba ya gani ɗaya-ɗaya, tare da wasu sinadarai da ke narke a ruwan zafi, amma suke dunƙulewa idan ruwan ya huce. Mai shayi ya san wannan, domin shayi mai kauri da aka bari ya yi sanyi yakan dushe ko da babu ganye ko ɗaya a ciki. Kowane iri da maganinsa, kuma na biyun kaɗai ne aikin rariya.

Girma ne ke yanke hukunci

Dubi kududdufi bayan an ɗauke ruwan sama. Yashin da kwata ta kwaso nan take yake kwanciya, amma ruwan yakan yi kwanaki yana jaja-jaja kafin ya washe. Tukunyar zoɓo ƙaramin kududdufi ce.

A shekarar 1851 wani masanin lissafi da ke koyarwa a Ingila, George Stokes, ya fitar da ƙa'idar wannan al'amari. Ya nuna cewa idan ƙaramar ƙwaya ta ragu da rabi a faɗi, saurin nutsewarta ba da rabi yake raguwa ba, sau huɗu yake raguwa. Idan ta ragu sau goma, sai ya ragu sau ɗari. Ana auna irin waɗannan ƙwayoyi da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin silin gashin mutum bai cika wuce maikiron 100 ba.

Mu ɗauki tukunya mai zurfin santimita 30. Ƙwayar yashi mai maikiron 100 za ta kai gindi cikin ƙasa da minti ɗaya. Ƙura mai maikiron 10 sai ta yi kusan awa guda. Laka mai maikiron 1 kuwa sai ta shafe wajen kwana huɗu. Ɓurɓushin tsiro, da yake bai kai yashi nauyi ba, ya fi haka jinkiri. Ramukan rariyar roba da ake sayarwa a kasuwa sun kai rabin milimita ko fiye, wato maikiron 500. Ke nan ƙurar nan wucewa take yi salin-alin, ta shiga gora, ta ƙarasa tafiyarta zuwa gindi cikin dare. Ba daga ko'ina guggubin safiya ya zo ba. Tun jiya yana ciki, bai dai gama sauka ba ne.

Ƙa'idar ta ƙara faɗin wani abu mai amfani ga uwargida: gwargwadon kaurin ruwa, gwargwadon jinkirin kwanciya. Ruwa mai zafi sosai ya fi na randa tsinkewa kusan ninki uku, sukari kuma yana ƙara wa ruwa kauri da nauyi. Saboda haka wadda ta zuba sukari tun a tukunya ta riƙe guggubi a sama da hannunta. A tace tukuna, zaƙi ya biyo baya.

Aikin da ake yi kafin a hura wuta

Abin da bai shiga tukunya ba, ba a shan wahalar fitar da shi. A baza zoɓo a faifai, a tsince itace da tsakuwa, a bakace. Sannan a zuba shi a ruwan sanyi mai yawa, a motsa da hannu, a tsamo shi sama zuwa wani mazubi. Nan ne mata da yawa ke kuskure: sukan karkata roba su zubar da ruwan ta kan zoɓon, yashin da ya riga ya kwanta ya sake komawa cikinsa. Hikimar da ake regaya da ita a ƙwarya ita ce a nan, mai nauyi ya zauna a ƙasa, a ɗauke mara nauyi daga sama. A yi haka sau biyu, da hanzari, domin launin zoɓo ba ya jiran ruwa ya yi zafi kafin ya fara fita.

Sai kayan ƙamshi. Garin citta da aka niƙa a inji yana da saurin ba da yaji, amma shi ne babban mai ɗaurin gindin guggubi. Ɗanyar citta a daddaka ta sama-sama, busasshiya a farfasa ta, kanumfari a bar shi yadda yake. Wadda ba ta da sai gari, ta ƙulle shi a ɗan farin ƙyalle mai tsabta ta jefa a tukunya, amma kada ta matse ƙullin, domin ruwa na bukatar wurin shiga da fita.

Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. A Turai da Amurka, masu dafa ruwan tsiron sha'ir suna jefa masa wani fure mai ɗaci da ake kira hof, wanda ake sa wa giya, ake kuma sa wa wasu lemukan malt marasa sa maye. Hof ɗin yana zuwa iri biyu: cikakken fure, da wanda aka niƙa aka cura ƙanana-ƙanana. Duk mai wannan aiki ya san cewa cikakken furen yakan taru a kan ragar da ke gindin tukunya ya zama mataci da kansa, niƙaƙƙen kuwa yakan koma taɓo ya toshe ragar, famfo ya tsaya cak ruwa na ciki. Haka zoɓo yake. Wanda aka dafa da ɓawonsa cikakke ya fi wanda aka marmashe sauƙin tata nesa ba kusa ba. Kuma kada a wuce gona da iri wajen tafasa. Idan ɓawon ya dahu lugub, yakan saki wani abu mai yauƙi-yauƙi da ke liƙe idon ƙyalle.

Juyi ɗaya, sannan a ƙyale

Hausawa na cewa a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. A tukunyar zoɓo kam, hucewar rabon mai ita take kawowa. Muddin tukunya na kan murhu, zafi na tura ruwan ƙasa sama, na sama na gangarowa, babu abin da zai kwanta. A sauke, a tsame manyan ɓawo da matsami, sannan a yi wata 'yar dabara.

A sa ludayi ko muciya mai tsabta a juya ruwan ta gefen tukunya, a fuska ɗaya, har ya kama zagayawa da kansa. A zare ludayin, a rufe, a bar shi minti 20 zuwa 30 ba a taɓa ba. Idan aka tsiyaye za a tarar guggubin ya taru tsibi guda a tsakiya, gefe kuwa fes.

Da farko mutum zai zaci juyi gefe zai watsa datti, ba tsakiya ba. Albert Einstein ya warware wannan a wata maƙala ta 1926, wadda ya rubuta kan dalilin da ke sa koguna yin kwana-kwana, ya kuma kafa misali da ganyen shayi a kofi. Ruwan da ke zagayawa yakan taru a jikin bango, ya ɗan fi na tsakiya tudu, don haka yana danna na ƙasa. Can a gindi kuwa, gogayya da ƙasan tukunya na rage wa ruwa gudu, ba shi da ƙarfin tsayawa a gefe, sai dannawar nan ta tura shi tsakiya. Yana tafiya yana share duk abin da ya kwanta, ya tara shi wuri guda. A 1960 kamfanin Molson na ƙasar Kanada ya fara amfani da wannan a babbar tukunya don raba ruwan sha'ir da guggubin hof, yau kuma da wuya a sami masana'antar irin wannan aiki da ba ta da tankin juyi. Abin da suke yi da famfo da bututu, uwargida na iya yi da muciya.

Dabarar ta fi fitowa a tukunya mai shimfiɗaɗɗen gindi. Mai zagayayyen gindi, irin tukunyar ƙasa ko ta dalma, dama can tsakiya take tara komai. Sai dai kada jiran ya zarce a tukunyar dalma har a kwana. Zoɓo na da tsami sosai, tsami kuwa yana cin irin wannan ƙarfe.

Tsiyaya

Duk wahalar da aka sha a baya, karkatawa ɗaya ta gaggawa na iya rushe ta. Kada a ɗauki tukunya a zagaya da ita tsakar gida. A kawo mazubin kusa da ita. A karkata a hankali, ruwa na gangarowa siriri, ba tare da an tsaya an mayar da tukunyar zaune ba, domin kowace komawa girgiza ce. Da an ga baƙin ya fara tahowa baki, a dakata.

Idan tukunyar babba ce, ta biki ko ta sana'a, a riƙa ɗiba da moɗa daga sama, ba a nutsa ta. Mai yin da yawa kullum za ta ji daɗin bokiti mai famfo, muddin famfon ya ɗara gindi da kamar yatsu uku, yadda abin da ya kwanta zai zauna ƙasa da bakinsa. Ana kuma iya ja da siririn tiyo sabo wanda ba a taɓa sa shi a wani abu ba. A cika shi da ruwa mai tsabta, a toshe bakinsa da yatsa, a sa ɗaya bakin a gefen tukunya sama da guggubi, a saki a mazubin da ke ƙasa. Ba a zuƙa da baki, don abin da mutane za su sha ne.

Ragowar da ke gindi fa? Nan ne rowa ke ɓata aiki. Kofi ɗaya ko biyu na ƙarshe su ne ke ɗauke da kusan duk dattin. A juye su a wani kwano daban tare da ɓawon da aka tsame, a ƙara ruwa a yi dahuwa ta biyu, a tace shi shi kaɗai don shan gida. Ba a yi asara ba, ba a kuma gurɓata na farko ba.

Yanzu ne aikin ƙyalle

A ɗora rariya a kan mazubi, a shimfiɗa ƙyalle a cikinta. Rariya na ɗaukar nauyi, ƙyalle na tare ƙanana. A jiƙa shi da ruwan zafi tukuna.

Wane ƙyalle? Mutanen karkara da suka manyanta ba su manta da zamanin kurkunu ba. Ƙidayar da aka yi a 1988 zuwa 1989 ta sami masu cutar fiye da 650,000 a Najeriya. Cikin manyan makaman da aka yaƙe ta da su akwai ɗan ƙyallen tace ruwa da aka rarraba gida-gida, mai tare ƙananan ƙwarin ruwa da ke ɗauke da tsutsar. An ga mai cutar na ƙarshe a ƙasar nan a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar an rabu da ita a 2013. A Bangladesh ma, binciken da Rita Colwell da abokan aikinta suka wallafa a 2003 ya nuna cewa tsohon zanen auduga da aka ninka aƙalla sau huɗu yana tare abin da ya wuce maikiron 20, kuma a ƙauyukan da mata suka riƙa tace ruwa da shi kwalara ta ragu da kusan rabi. Sun lura tsohon zane ya fi sabo, saboda wanki ya sa zarensa ya yi laushi ya cike ramukan saƙa.

Darasi biyu ke nan: farin ƙyallen auduga da ya sha wanki, kuma a ninka shi. A keɓe shi ga wannan aiki kaɗai, kada ya zama mai rini ko mai ƙanshin sabulu.

Akwai na uku. Da an fara zubawa, wani siririn shimfiɗi na guggubi zai kwanta a kan ƙyallen, tata ta rage sauri. Hannu zai so ya kai cokali ya kankare. Kada a yi. Wannan shimfiɗin ya fi ƙyallen kansa ƙananan ƙofofi, shi ne matacin gaske. Shi ya sa kofin farko da ya wuce ya fi na baya duhu, kuma ya kamata a mayar da shi sama ya sake bi. Idan ya toshe ɗungurungum, a canza ƙyalle, a ci gaba. Uwa uba, kada a murɗe a matse. Matsa tana buɗe saƙa, ta tura duk abin da aka tare ya koma inda aka raba shi da shi.

Wadda ke son na sayarwa ya fita tas, ta bar tataccen ya huce sarai a rufe cikin bokitin roba, ta sake tsiyayewa sau ɗaya kafin ta sa sukari ta ɗura. Wannan ne ke kama iri na uku, wanda bai dunƙule ba sai da sanyi ya shige shi.

Inda dokar ke juyewa

Kada a ɗauki wannan ƙa'ida a kai ta kan kowace tata. Tambayar da za a fara yi ita ce: abin da nake so, narke yake a ruwa, ko yawo yake a ciki? Launi da tsamin zoɓo narke suke, don haka duk abin da ƙyalle ya tare shara ne. Ruwan tsamiya ma kusan haka ne, ana raba shi da ƙwallo da zare, a bar yashi ya kwanta.

A tatar kamu kuwa, abin da ake nema shi ne farin garin da ke yawo a ruwan ƙullu. Ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, galibi ba su kai maikiron 20 ba, ana so su ratsa ƙyalle su bar dusa a baya. Nan dole a cuɗa, a ƙara ruwa, a matse. Sannan a bar shi sa'o'i ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama, a riƙe na ƙasa, wato gasara. Abin da mai zoɓo ke zubarwa, irinsa mai koko ke tattali. Dusar kuma ta tafi wurin awaki, ta dawo gona a matsayin taki. Kunun aya da kunun zaƙi su ma 'yan wannan gida ne, kwanciyarsu ba aibi ba ce, girgizawa ake yi a sha.

Abin da mataci ba ya gani

Ƙyalle mai ninki huɗu na tare abin da ya kai maikiron 20. Ƙwayoyin cutar da ke kawo gudawa da taifot ba su cika wuce maikiron 1 zuwa 3 ba. A Bangladesh ma ba su ƙyallen ya riƙa kamawa kai tsaye ba, ƙananan halittun ruwa da suke maƙale a jikinsu ya tare. Zoɓo na iya fitowa garau kamar gilashi alhali yana ɗauke da abin da zai kwantar da gida guda. Tafasa ta kashe na tukunya, amma duk abin da ya taɓa shi bayan an sauke, ƙyallen da aka shanya a kan danga, ruwan da aka sirka da shi, ƙanƙarar da aka sayo, tsohuwar gorar da aka tsinto, hannun mai ɗurawa, kowanne ƙofa ce.

Shi ya sa zoɓon da aka ɗura da safe a watan zafi yake iya kumbura gora kafin la'asar ta washegari, ya yi kumfa, ɗanɗanonsa ya juya. Me ke faruwa a cikin gorar, me ya sa na wata ke kwana biyu lafiya na wata ba ya kwana, kuma yaya za a adana abin sha a garin da wutar lantarki ba ta da tabbas? Wannan ne zancen babi na bakwai.